Me ya sa tsohuwar nan ba ta gajiya da zancen capel ɗin ƙauyensu?

"Malam, barka da aiki. Ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a yankin Durham, arewa maso gabashin Ingila. Akwai wata tsohuwa 'yar shekara 91 da nake zuwa wajenta safe da yamma. Abin da ta ci jiya ba ta iya tunawa, amma da na zauna sai ta ɗauko labarin ƙuruciyarta a ƙauyen mahaƙa kwal. Ta ce mahaifinta a ƙarƙashin ƙasa yake wuni, ranar Lahadi kuma ya sa kwat ya tafi wa'azi a ƙafa. Na taɓa ce mata ashe ku 'yan coci ne, sai ta ɓata rai, ta ce su 'yan capel ne, 'yan Metodis. Ta ce ko banɗaki ba su da shi a cikin gida, ba a barinsu wasa ranar Lahadi, amma wai ba ta taɓa jin daɗin duniya kamar a lokacin ba. Wani lokaci har kuka take yi. Shin da gaske sun ji daɗi a cikin wannan talaucin, ko tsufa ne ke zuba wa labarin zuma? Kuma me ya kamata in riƙa ce mata?"

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri kan haƙurin sauraro. Idan na fahimce ki, kina son sanin abin da ya raba coci da capel har tsohuwa ta ɓata rai, kina son sanin ko daɗin da take faɗa gaskiya ne, sannan kina neman abin da za ki yi da labarin idan ta ɗauko shi. Tarihin ma'aikata na karanta, kuma na yi wasu shekaru ina bin tsofaffin ƙauyukan kwal na yankin da kike da rakoda, ina naɗar hira da sa'o'in tsohuwar nan da ma waɗanda suka girme ta. Daga nan zan ɗauko yawancin abin da zan faɗa miki. Ita kanta ban san ta ba, ke ce ke ganinta kullum, don haka ki auna maganata da abin da idonki ya gani.

Coci daban, capel daban

A Ingila idan aka ce coci ba tare da ƙarin bayani ba, Cocin Anglikan ake nufi, wato cocin hukuma wanda sarki ke shugabanta. A ƙauye a wancan zamani, limamin wannan coci mutum ne da ya yi jami'a, yana zaune a babban gida, kuma teburinsu ɗaya da mai filayen ƙauyen da mai ramin kwal. Masu kuɗi na da kujerunsu a gaba, leburori suna baya. John Wesley, wanda ya kafa tafiyar Metodis, shi ma limamin Anglikan ne, kuma a haka ya rasu a 1791. Abin da ya yi dabam shi ne ya fita daga ginin. A 1739 ya fara wa'azi a fili a kusa da Bristol, inda abokinsa George Whitefield ya riga shi tara mahaƙan kwal na Kingswood, mutanen da a lokacin ake yi wa kallon 'yan iskan gari. A 1742 ya iso Newcastle. A wannan shekarar ce kuma aka fara raba mabiyansa aji-aji, mutum kamar goma sha biyu a ƙarƙashin jagora ɗaya, suna haɗuwa duk mako, kowa ya ba da kwabo ɗaya, kowa ya faɗi halin da zuciyarsa ke ciki. Bayan rasuwarsa tafiyar ta ware ta zama ɗarika mai cin gashin kanta, kuma ɗakunan ibadarsu ne ake kira capel.

Su ma Metodis ɗin sun rarrabu, kuma wannan ya shafi tsohuwarki kai tsaye. Da manyan Metodis suka fara samun rufin asiri, sai suka daina son hayaniyar wa'azin fili. A 1807 wani kafinta mai suna Hugh Bourne ya shirya taron addu'a na wuni guda a kan tudun Mow Cop, wani maginin tukwane, William Clowes, yana cikin masu wa'azi a wurin. An kore su ɗaya bayan ɗaya, suka kafa tasu da suka kira Firimitif, ma'ana masu bin tafarkin asali. Wannan reshen shi ne ya fi kama zukatan mahaƙa da leburorin gona, kuma tun farko ya bar mata suna wa'azi. A 1932 aka haɗe manyan rassan suka koma ɗaya, wato daidai lokacin da aka haifi tsohuwar nan. Amma haɗewar takarda ce. A ƙauyuka da yawa capel biyu suka ci gaba da zama a titi ɗaya har shekaru masu yawa bayan haka, kowane gida ya san nasa. Ki tambaye ta na wane ɓangare ne su, za ki ga yadda fuskarta za ta sauya.

Abin da talaka ya mallaka

Ga abin da nake ganin shi ne zuciyar amsarki. A ƙauyen kwal na wancan zamani kusan komai na kamfani ne. Ramin nasa ne, layin gidajen nasa ne, kwal ɗin da ake jibge wa kowane gida a ƙofa don girki da jin ɗumi daga hannunsa yake fitowa. Wanda ya rasa aiki ya rasa gida. A yajin aikin 1844 an fitar da dubban iyalai daga gidajen kamfani a Durham da Northumberland, suka kwana a gefen hanya da kayansu. Wannan labarin ya bi jini, jikoki sun ji shi daga kakanni. A cikin duk ƙauyen, capel na daga cikin 'yan abubuwan da mahaƙa suka gina da kwabbansu da sisinsu, wani lokaci da hannunsu bayan sun fito daga rami, kuma su ke riƙe da makullinsa. Ma'aji mahaƙi ne, shugaban makarantar Lahadi mahaƙi ne, mai koyar da waƙa mahaƙi ne. Mutumin da a ƙarƙashin ƙasa lamba ce kawai, a nan ana kiransa da sunansa, ana jiran ya yi magana.

Mahaifinta da ke tafiya wa'azi a ƙafa ba fasto ba ne. Metodis suna haɗa capel-capel da yawa a da'ira ɗaya, fastoci ɗaya ko biyu ko uku su kula da su duka, don haka yawancin ibadun Lahadi masu wa'azi 'yan gari ne ke jagorantarsu, ba albashi ba komai. Duk wata uku ana buga jadawali, kowa ya duba inda aka tura shi. Mutum zai yi kwana shida yana sarar kwal a durƙushe ko a kwance, ranar Lahadi ya taka mil huɗu ko biyar cikin ruwan sama zuwa wani ƙauye, ya yi wa'azi da rana, wani gida ya ba shi shayi, ya sake yi da yamma, ya dawo cikin dare. Kafin a ba shi wannan matsayi sai ya yi karatu, an gwada shi, an saurari wa'azinsa. Wata tsohuwa ta taɓa kwatanta mini hannun mahaifinta a kan Littafi Mai Tsarki. Ta ce duk bayan hannun tabo ne shuɗi-shuɗi, domin idan kwal ya yanki mutum ƙurar kan shige cikin raunin ta warke a ciki, ba sabulun da ke fitar da ita. Ta ce tana zaune a benci tana kallon wannan hannun yana juya shafi, jama'a sun yi tsit suna sauraronsa, har da matar mai kanti. Tana faɗa tana shafa bayan nata hannun.

Wanda ya koyi karatu, ya iya tsayawa gaban mutane ya yi magana, ya iya riƙe littafin kuɗi da tafiyar da taro, ya samu duk abin da ake buƙata don jagorantar ƙungiyar ƙwadago. Haka kuwa aka yi. Thomas Hepburn da ya jagoranci mahaƙan arewa maso gabas a 1831 ɗan Firimitif ne. George Loveless, jagoran leburorin gona shida na ƙauyen Tolpuddle da aka yanke wa shekara bakwai a Ostareliya a 1834 saboda rantsuwar kafa ƙungiya, mai wa'azin Metodis ne. Joseph Arch da ya tayar da ƙungiyar leburorin gona a 1872 shi ma haka. A yankinku akwai Peter Lee, mahaƙi kuma mai wa'azi, wanda ya zama shugaban majalisar gundumar Durham a 1919. Garin Peterlee da wataƙila kike wucewa ta cikinsa sunansa aka sa masa. Masana sun daɗe suna jayayya a kan wannan. Bafaranshen nan Élie Halévy ya ce Metodis ne suka hana juyin juya hali a Ingila, E. P. Thompson kuma, wanda shi kansa ɗan gidan Metodis ne, ya zarge su da horar da talaka ya zama mai biyayya ga agogon masana'anta. Ni abin da na ji a bakin tsofaffi ya nuna mini duka biyun sun faru a gini ɗaya: capel ya koya wa mutane haƙuri da kamun kai, ya kuma koya musu cewa ran mahaƙi da na mai rami farashinsu ɗaya a wurin Allah.

Yadda mako yake a irin gidansu

Gida ne mai ɗaki biyu ko uku, yara a gado ɗaya, wasu kai sama wasu kai ƙasa. Masai yana can ƙarshen tsakar gida ko tsallaken lungu, ana zuba toka, masu kwasa su zo da keken doki. Wutar murhu ba ta mutuwa, don a kanta ake girki, ake gasa burodi, ake dafa ruwa. Kafin a gina wuraren wanka a bakin rami, mahaƙi yakan dawo gida baƙi ƙirin, ya durƙusa gaban murhu a bahon kwano, matarsa ta cuɗa masa baya. Litinin ranar wanki ce, ana kirɓa kaya a cikin ganga da wani katako kamar taɓarya. Da daddare a shimfiɗa buhu a kan firam, a yayyanka tsofaffin tufafi, uwa da yara su yi ta cusa tsumma har ya zama darduma. Sayayya a kantin gama-kai ake yi, inda kowane gida ke da lambarsa, idan lokaci ya yi a raba rarar riba, da ita ake saya wa yara takalma. Na sha haɗuwa da tsofaffin da suka manta sunan jikokinsu amma lambar uwarsu ta kantin tana nan daram.

Lahadi kuwa ta Ubangiji ce tun daga safe har dare. Tun Asabar ake goge takalma, a fere dankali. Ba ƙwallo, ba ɗinki, ba sayen ko alewa, a wasu gidajen ko jarida ba a buɗewa. Yaro zai je makarantar Lahadi da safe, ya koma da rana, ya bi iyayensa ibadar yamma. A tsakiyar mako akwai taron yara na ƙungiyar yaƙi da shan giya da aka kafa a Leeds a 1847, inda yaro ɗan shekara bakwai ko takwas zai sa hannu a takardar alkawarin ba zai taɓa kurɓar barasa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙauyen da albashin mako zai iya ƙarewa a mashaya daren da aka biya shi. Gidan da uba ba ya sha, gidan ne da ake samun abinci har ƙarshen mako.

Sai ranar da nake kyautata zaton ita ce ke sa ta kuka, bikin shekara na makarantar Lahadi. Ana kafa dandamali hawa-hawa a gaban capel, yara su jeru a kai. Ga yawancin 'yan mata ita ce rana ɗaya a shekara da ake yi musu sabuwar riga. Makonni kafin ranar ana ba kowane yaro haddarsa, 'yar waƙa ko ayoyi, ya tsaya shi kaɗai ya karanto gaban duk ƙauyen, kamar dai yadda yaranmu ke tilawa gaban iyaye ranar walima. Da safe a zaga tituna ana waƙa, wani lokaci ana ɗauke da ƙaramin ogan da ake hurawa da ƙafa, ana karɓar gudummawa ƙofa-ƙofa. Akwai wani dattijo da na yi hira da shi, ya haura tamanin, ƙurar kwal ta cinye masa huhu, ba ya haɗa jimla biyu sai ya tsaya ya huta. Da na tambaye shi ko yana tuna haddarsa, sai ya dafa hannun kujera ya miƙe. 'Yarsa ta yunƙura za ta riƙe shi, ya ɗaga mata hannu. Ya haɗa ƙafafunsa, ya mai da hannayensa baya, ya ɗaga haɓa, ya karanto baiti huɗu ba tuntuɓe, ya ɗan rusuna, ya zauna. Ya ce yana da shekara shida, kuma da ya sauko uwarsa ba ta ce komai ba, ta dai gyara masa kwalar riga.

Akwai kuma abin da ya haɗa su da mu. Yaran capel suna yawo da 'yan akwatuna ko kati suna tara kwabbai don aikin mishan a ƙetare, kuma Afirka ta Yamma na cikin wuraren da kuɗin ke zuwa, har da Badagry, inda ɗan mishan na Metodis Thomas Birch Freeman ya sauka a 1842. Kada ki yi mamaki idan wata rana ta ce miki ta tara wa Afirka kuɗi tana yarinya. Ni an faɗa mini haka ya fi a ƙirga, kuma da zuciya ɗaya ake faɗa.

To, da gaske ne ko zuma ce?

Da gaske ne, amma rabin labarin ne. Na farko, idon yaro ne ya ga abin. Yarinya ta ga sabuwar riga, ba ta ga daren da uwarta ta kwana tana ɗinki ba. A gidan da miji da 'ya'ya maza ke aiki a lokuta daban-daban, uwa kan tashi da tsakar dare ta sallami wani, ta tarbi wani da ruwan zafi, ta yi barci gutsi-gutsi a kujera. A hirarrakin da na yi, sai na tambaya kai tsaye, ita uwar me take ci, sannan ake yin shiru a ce, ai ita takan ce ta riga ta ci. Tsohuwarki ta taso ne bayan yajin 1926, lokacin da mahaƙa suka yi wata kusan bakwai ba albashi suka koma a kan sharuɗɗan da suka fi na da muni, sannan ga rashin aikin yi na shekarun 1930, da jami'in da ke shiga gida ya ƙirga kayan ɗaki kafin a ba da tallafi. Hukumar lafiya ta kyauta sai 1948 aka kafa ta. A gidaje da yawa akwai yaron da tarin fuka ko maƙarau ya ɗauke. Ramin kuma bai daina cin mutane ba: a 1909 mutum 168 suka mutu a West Stanley, a 1951, tana budurwa, mutum 83 a Easington.

Na biyu, waɗanda capel ya yi wa daɗi su suka zauna a cikinsa, su ne kuma suka fi ba da labarinsa. Ba duk mahaƙa ne Metodis ba, ba ma su ne mafi yawa ba. Akwai Katolika 'yan asalin Ayaland, akwai 'yan Anglikan, akwai ɗimbin waɗanda mashaya da tseren tattabaru suka fi musu. Wasu daga cikinsu sun ce mini 'yan capel na da ɗaga hanci. Na kuma ji labarai masu ɗaci daga ciki: yarinyar da ta yi ciki ba aure aka daina gaishe da uwarta, uban da ke wa'azin rahama a waje amma bel ɗinsa na rataye a bayan ƙofa. Ƙauyen da kowa ya san kowa yana kai wa mara lafiya miya, kuma shi ne ke ƙirga wa amarya watanni.

Na uku, abin da take kuka a kai ya tafi gaba ɗaya. A tsarin raya gunduma na 1951 an ware ƙauyuka fiye da ɗari a Durham aka ce ba za a ƙara kashe musu kuɗi ba, a bar su su mutu. Ramukan suka yi ta rufewa, na Easington ya rufe a 1993. Capel da yawa sun zama gidajen kwana ko wuraren ajiye kaya, wasu an rushe su. Mu idan muka yi kewar ƙauye muna iya shiga mota mu je mu tarar da kasuwa na ci. Ita ko an kai ta, fili za ta gani da ciyawa. Duk da haka ba na yarda a ce tsufa ne kawai. Abin da take kira daɗi abu ne da ya faru: an san ta, an san ubanta, akwai ranar da duk gari ya yi shiru don ya ji muryarta. Yunwar gaskiya ce, wannan ma gaskiya ce.

Abin da za ki yi

Kada ki gyara mata labari, kada kuma ki ce ai kin faɗa mini jiya. Tsohon tunani ya fi sabo daɗewa a ƙwaƙwalwa, kuma a wannan duniyar ta da ce kawai take da tabbacin inda take tsaye. Abin da na koya a aikina shi ne tambaya mai faɗi ba ta buɗe baki. Idan kika ce yaya rayuwa take a da, za ta ba ki jimlar da ta saba. Ki tambayi ƙaramin abu: wane launi ce rigar bikin, wa ya ɗinka, a wane benci gidansu ke zama, ina aka kai su yawon shekara, bakin teku ne ko filin wani manomi, me ake ci a shayin capel. Ki tambayi sunan uwarta da abin da hannunta ya fi iyawa, domin sau da yawa uba mai wa'azi yakan cika labarin har uwa ta ɓace.

Waƙa ita ce babbar ƙofa. Charles Wesley, ƙanen John, ya rubuta waƙoƙin yabo fiye da 6,000, kuma littafin waƙoƙin da aka buga a 1933 bayan haɗewar shi ne wanda ta tashi da shi. Tsofaffin Metodis da yawa da lamba suke tuna waƙa. Ba sai kin shiga ibadarta ba, ya isa ki tambaye ta wadda ta fi so ki kunna mata a waya, in iyalinta da wurin aikinki sun amince. Idan tana iya fita, ki ba 'ya'yanta shawarar gidan tarihi na Beamish da ke nan kusa da ku, inda aka sake gina ƙauyen mahaƙa da layin gidajensa da capel na gaske da aka ɗauko daga inda yake. Ki kuma gaya musu su naɗi muryarta tun tana iyawa.

Iyakata a nan ita ce ni ba likita ba ne. Kukan da ke zuwa da labari ya wuce da labari ba abin tsoro ba ne, ki bar ta ta yi, ki riƙe mata hannu in tana so. Amma idan kukan ya zo da ƙin abinci, ko rashin barci, ko ta fara neman a kai ta gida wurin uwarta cikin firgici, wannan na ma'aikatan jinya ne, ki rubuta ki sanar. Sannan duk abin da na kwatanta na ƙauyukan kwal na Durham ne. Metodis na Cornwall masu haƙar kuza da masunta, da na Wales masu ibada da harshensu, da na ƙauyukan noma, kowa da irin nasa, kuma ko a Durham gida ya bambanta da gida.

Idan kin je gobe, ki tambaye ta ko tana da littafin da aka ba ta kyauta a makarantar Lahadi. Akan manna takarda a bangon ciki da sunan yaro da shekara da dalilin kyautar, yawanci don rashin fashi. Da wuya a jefar da shi. Yakan kasance a ƙasan durowa ko cikin gwangwanin biskit, tare da 'yan katunan zama mamba da ake bayarwa duk wata uku. In ta nuna miki, ki ba ta ta riƙe, ki ce ta karanta miki abin da aka rubuta.